Yadda Ake Gane Kolestarol, a Auna Shi, a Kuma Rage Shi Daga Tukunyar Gida

Kawuna ɗan kasuwar shinkafa ne a Argungu, siririn mutum, irin waɗanda ko sa guda suka cinye ba ya nunawa a jikinsu. Bara da ya je asibiti a kan hawan jini, likita ya haɗa masa da wani gwajin, sakamako ya nuna maiƙon da ake kira kolestarol ya yi yawa a jininsa. Da na je gaishe shi, sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtsensa ya ce, "Ɗan nan, dube ni da kyau. Ina kitsen yake?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan ba kitsen da ido ke gani ba ne." Tun daga ranar na lura mutane da yawa a nan Kebbi haka suka ɗauki abin: ciwon masu teɓa ne, ko na masu kuɗi. Wasu kuma da sun ji sunan sai su daina cin ƙwai, su ci gaba da malala man shanu a kan tuwo. Domin su na rubuta wannan bayani, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: san abin da kake fama da shi

Kolestarol wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa sinadaran da ke bambanta namiji da mace, da bitamin D da fata ke samarwa in ta sha rana, da ruwan maɗaciya mai narkar da mai a cikin hanji. Hasali ma a cikin tsakuwar maɗaciya masana a Faransa suka fara gano shi. Mafi yawansa hantarka ce ke ƙera shi, wanda ke shigowa ta baki ƙaramin kaso ne. Shi ya sa siriri kamar kawu zai iya samun matsalar, mai jiki kuma a auna shi a ga lafiya lau.

Mai ba ya haɗuwa da ruwa, jini kuwa ruwa ne. Don haka kolestarol ba ya tafiya shi kaɗai, sai an loda shi a wasu ƙunsoshi, kamar yadda ake loda buhuna a kwale-kwale a bakin ruwan Yawuri. Kwale-kwale biyu ne suka shafe mu. LDL shi ke ɗauko kaya daga hanta ya rarraba wa jiki. In ya yi yawa, sai kayan su riƙa maƙalewa a cikin bangon jijiyoyin jini. HDL kuma shi ke kwaso ragowar ya mayar hanta. Wannan ya sa ake kiran na farko mugu, na biyu kuma mai kyau.

Duk wanda ya yi noman rani a fadama ya san yadda laka ke taruwa cikin bututun ban-ruwa: a hankali, ba ƙara, sai wata rana ka ga ruwa ya ragu a bakin tiyo. Haka abin yake a jijiya, yana ɗaukar shekaru. Haɗarin ya fi haka ma, domin wannan tarin yakan fashe farat ɗaya, jini ya yi guda a wurin ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, babu wata cuta da ta kai su kisa a duniya.

Mataki na biyu: je a auna

Yawan kolestarol ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya sa kasala. Gwajin jini ne kawai ke nuna shi. A takardar likita za ka ga an rubuta FLP, wato gwajin maiƙon jini, ana kuma yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

In an ce ka zo ba ka ci komai ba, ana nufin awa 9 zuwa 12. Hanya mafi sauƙi: ka ci tuwon dare da an idar da Isha'i, ka kwanta, da safe ka tafi kafin karin kumallo. Ruwa zalla ba laifi, ka sha. Amma ban da shayi, ban da koko, ban da goro. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin leda ka nuna, har da na gargajiya.

Babban mutum mai lafiya, daga shekara 20, ya isa ya auna sau ɗaya cikin shekara 4 zuwa 6. Mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai shan taba, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya samu bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, waɗannan su riƙa aunawa akai-akai yadda likita ya tsara. Mai juna biyu kolestarol ɗinta yakan hau da kansa, don haka akan jira sai bayan haihuwa da wasu makonni. Matan da al'ada ta ɗauke musu kuma LDL yakan ƙaru, su ma kada su yi sake.

Akwai nau'in da ake gada, yana samun kusan mutum 1 cikin 250. Masu shi LDL ɗinsu a sama yake tun suna yara, ko me suka ci. Wani lokaci yakan nuna kansa: ɗigon rawaya-rawaya a fatar ido, ko kumburi mai tauri a agara, ko farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai shekara 45 ba. In an same shi ga mutum ɗaya, a kai 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini su ma a auna.

Mataki na uku: karanta takardar da kanka

Layi huɗu ne. Amma kafin lamba, dubi ma'aunin da aka rubuta a gefe, domin wasu ɗakunan gwaji na amfani da mg/dL, wasu mmol/L. Na taɓa ganin wanda ya tashi hankalinsa don maƙwabcinsa na da 5 shi kuma 190, alhali kusan abu ɗaya ne.

TC shi ne jimilla, ana son ya zama ƙasa da 200 mg/dL, wato 5.2 mmol/L. Daga 240, ko 6.2, ya yi yawa. LDL, wanda shi ne zan so ka fi zuba wa ido, ƙasa da 100, ko 2.6, shi ne mafi kyau. Daga 130 zuwa 159 ya fara hawa, 160 zuwa 189 ya yi yawa, 190 kuwa, ko 4.9, wannan sai magani, kuma a binciki gado. HDL shi yawansa ake so: kada ya gaza 40 ga namiji, 50 ga mace, wato 1.0 da 1.3. Layi na huɗu TG, wani nau'in mai ne dabam da jiki ke adana rarar abinci da shi. Ƙasa da 150, ko 1.7, ake nema. In ya kai 500, a ga likita ba da jinkiri ba, domin yana iya kumbura gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ciwo mai tsanani.

Lamba ɗaya ba ma'ana ɗaya gare ta ga kowa ba. LDL na 130 ga saurayin da ba ya da wata larura, gyaran abinci ne. Ga dattijo mai sukari da hawan jini, magana ce babba. Shi ya sa bayan ka karanta, ka koma wurin likitan da ya tura ka, kada ka ninke takardar ka jefa aljihu. Ka kuma nemi a auna hawan jini da sukari a zama ɗaya. A ƙasarmu hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma in ya haɗu da maiƙo a jijiya, ɓarnar ninkawa take yi.

Mataki na huɗu: buɗe tukunya

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi kuskure. Abin da ya fi ɗaga LDL ba kolestarol ɗin da ke cikin abinci ba ne, a'a, mai ne irin wanda ke daskarewa. Shi ke sa hanta ta rage kwashe LDL daga jini. Gane shi ba wuya. Uwargida, ki duba ragowar miyar naman jiya da asuba lokacin hunturu: wannan farin da ya kwanta a sama ya yi tauri, shi ne. Man shanu, kakide, kitsen rago da na sa, fatar kaza, bota, man kwakwa, duk dangi ɗaya ne. Manja ma kusan rabinsa irin wannan man ne, ko da yake daga itace ya fito.

Ga lissafin da ya buɗe wa kawu ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa. Ga matsakaicin babban mutum, kusan giram 22 ke nan a yini. Babban cokali ɗaya na manja na ɗauke da kusan giram 7, na soyayyen man shanu ya ɗara haka, na man gyaɗa kuwa giram 2 da 'yan kai. Cokali uku na man shanu a kan tuwon dare sun cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a lissafa nama ba, ba a lissafa nonon fura ba.

To ga yadda za a yi. Da farko a daina tuttula mai daga bakin galan. A ajiye cokali ɗaya kusa da murhu, a riƙa ƙirgawa. A auna na yau kamar yadda aka saba, domin a san inda ake, sannan a rage kashi ɗaya cikin uku. Bayan mako biyu a ƙara ragewa. In aka yanke rana ɗaya, maigida da yara za su ce miya ta yi salam, a koma gidan jiya. Harshe a hankali yake sabawa, kuma daddawa da albasar Aliero da citta da busasshen kifi suna cike giɓin ɗanɗano.

Na biyu, girkin yau da kullum ya koma man gyaɗa, ko na waken suya, ko na riɗi. Ban ce a kori manja daga gida ba. Yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, yaranmu na buƙatarsa. A sa kaɗan don launi da ƙamshi, kada kuma a ƙona shi har ya yi fari yana hayaƙi. Man shanu ya zama na marmari, ƙaramin cokali, ba kullum ba. Na san wannan ita ce magana mafi ɗaci ga wanda ya tashi da tuwon shinkafa da miyar kuka da ƙamshin man shanu. Kawu ya ce da ni, "Wannan ai raba ni da uwata ne." Muka daidaita a kan ranar Juma'a.

Na uku, a kula da man da aka maimaita suya da shi. Tsaya wurin mai ƙosai ko mai awara da yamma ka leƙa kaskon: in man ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, ya lalace. A gida kada a wuce suya biyu da mai ɗaya. Akwai kuma wani man masana'anta da ake daskarar da shi da gangan, ana samunsa a wasu botoci da biskit da kek da cincin na kanti. Shi ya fi kowanne muni, domin yana ɗaga LDL ya kuma sauke HDL. Dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, amma mafi aminci a rage irin waɗannan kayan.

Wani abu da ke ba ni takaici: galan ɗin mai da aka rubuta wa "babu kolestarol" da manyan baƙaƙe, mutane na biyan ƙarin kuɗi saboda shi. Duk man da ya fito daga tsiro ba ya da kolestarol, har manja, har man ƙulin da ake matsewa a unguwa. A jikin dabba kaɗai ake samunsa. Abin dubawa shi ne ko man na daskarewa.

Mataki na biyar: nama, ƙwai da kifi

Nama ba haramun ba ne ga mai wannan matsala. A yanke farin kitsen kafin a dafa, a cire fatar kaza. In an yi farfesu, a bar romon ya huce a kwashe abin da ya taso. Wurin mai tsire ko balangu ka ce a ba ka tsoka zalla, kada a haɗa da kitse, kada a yaryaɗa mai. Kayan ciki, musamman ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, suna da kolestarol mai yawa, ƙwaƙwalwa ta fi duka nesa ba kusa ba. Su zama na jefi-jefi.

Babbar Sallah sai an yi shiri. Naman layya da aka soya cikin kitsensa aka adana ana ci har wata guda, ga kakide ana zubawa a miya, wannan lokaci ne da mai LDL a sama ya kamata ya kama bakinsa. A raba da yawa ga mabuƙata, rabon gida kuma a gasa wani, a shanya wani.

Ƙwai an zalunce shi. Gwaiduwar babban ƙwai na da kusan miligiram 186 na kolestarol, amma mai daskarewa a cikinta kaɗan ne, kuma ga mafi yawan masu lafiya ƙwai ɗaya a yini ba matsala. Matsalar tana teburin mai shayi: ƙwai uku cikin mai tsamo-tsamo, a kan Indomie, ga burodi da bota, ga madarar gwangwani da sukari. Dafaffen ƙwai ya fi. Mai ciwon sukari ko wanda LDL ɗinsa ya hau sosai ya tambayi likita adadin da ya dace da shi, amma kada a hana yara ƙwai saboda tsoron abin da ya sami babba.

Mu kuwa Allah ya ba mu kifi. Daga Argungu zuwa Yawuri, ga karfasa, ga tarwaɗa, ga giwan ruwa. Sau biyu a mako kifi ya maye gurbin jan nama, a miya, ko gasasshe, ko banda, ba wanda aka nutsar a mai ba. Kifin teku mai maiƙo irin su taitus da sadin na da man omega-3 mai sauke TG.

Mataki na shida: abin da za a ƙara

Ba ragi kaɗai ba ne. Akwai wani nau'in harza a abinci da ke narkewa ya yi yauƙi a hanji, ya kama ruwan maɗaciya ya fita da shi ta bayan gida. Hanta sai ta jawo kolestarol daga jini ta sake haɗa wani. Wake na da shi, kuɓewa na da shi, haka gwaba da lemo in an ci da ɓargonsa. Ragin da yake yi ba mai yawa ba ne, amma kullum ne, kuma da arha. Wake sau uku ko huɗu a mako: alale maimakon ƙosai, garau-garau da wake ya rinjayi shinkafa, ɗanwake da mai kaɗan. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, miyar ayoyo, kabewa, yakuwa. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a maimakon biskit. Tuwon dawa da na gero su dawo, kada a surfe su har su yi fari tas.

In TG ne ya hau, to ba mai ne babban mai laifi ba, zaƙi ne da farin hatsi. Lemon kwalba, zoɓo da kunu masu sukari, shayin majalisa da ake ɗorawa sau uku, da malmala uku ta tuwon shinkafa. Mu masu noman shinkafa ne, ba za mu bar ta ba, amma malmala ta ragu, miyar ganye ta ƙaru. Giya ma na ɗaga shi ƙwarai.

Mataki na bakwai: motsa jiki, ka bar hayaƙi

Minti 150 a mako na tafiya mai sauri, wato minti 30 sau biyar. Bayan Asuba kafin rana ta buɗe ya fi dacewa da zafin garinmu. Manomi da ke gona ya riga ya biya, maganar ta mai zaman shago ce da ma'aikaci da wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur. Matan da ke cikin gida su zagaya tsakar gida da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga. Ka auna ƙugunka da tef ɗin tela daidai saitin cibiya: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, daga nan teɓa ta fara zama haɗari. Taba da shisha suna sauke HDL suna kuma ƙuje bangon jijiya.

'Yan'uwa mata masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, don Allah ku bari. Da yawansu na ɗauke da Dexamethasone, wanda ke ɗaga sukari da hawan jini da maiƙon jini gaba ɗaya.

Mataki na takwas: in likita ya rubuta magani

Wani ko ya gyara tukunya iya gyarawa, LDL ba zai sauka yadda ake so ba, domin hantarsa ce ke ƙerawa da yawa. A nan ake ba da magungunan sitatin, irin su Atorvastatin, Rosuvastatin da Simvastatin, waɗanda ke rage ƙerawar a hanta. Ƙwaya ɗaya ce a yini, Simvastatin da dare ake shan sa. Ba kamar maganin zazzaɓi ba ne da ake gamawa cikin kwana uku. In lamba ta sauka aka daina, komawa take yi. In ka ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsari ya yi duhu, koma asibiti a duba, akwai canji. Mai ciki, mai neman ciki, ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin ta fara. Kada ka karɓi na maƙwabci, kada kuma ka fara shan asfirin kullum da kanka, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Masu lasifika a kasuwa da ke tallar maganin narkar da kitse, da masu cewa ruwan zafi da lemon tsami na wanke jijiya, ba su da abin da zai kankare abin da ya riga ya shiga bangon jijiya. Tafarnuwa a miya alheri ce, amma ba ta maye gurbin ƙwaya.

A sake gwaji bayan kamar wata uku da fara gyaran abinci, ko mako 4 zuwa 12 da fara magani, a ajiye takardun wuri ɗaya domin a riƙa gwadawa. Mutanen gida kuma su san alamun gaggawa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe, ko nauyi a ƙirji mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi tare da zufa. Kada a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi. A sa shi a mota, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, a kuma lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin likita zai tambaya.

Kawu yanzu takardunsa uku cikin wata jakar leda a aljihun babbar rigarsa. Ƙwayarsa tana kusa da buta, inda zai gan ta in ya tashi alwalar Isha'i. Da na je wancan watan na tarar matarsa na auna man gyaɗa da cokali, kwalbar man shanu kuma tana can saman kanta, sai Juma'a.